ILMANTAR DA MASU JEGO DA LAFIYAR HANJIN JARIRI: NAZARI DAGA GARIN ILLELA

Gabatarwa

Garin Illela yana arewa da birnin Sakkwato, a ƙarshen hanyar da ta ratsa Kware da Gwadabawa, kuma da zarar an ƙetare iyaka daga nan sai Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. Mutanen garuruwan nan biyu harshe ɗaya suke yi, suna auratayya, suna cin kasuwar juna, saboda haka al'adun haihuwa da na jego kusan iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Wannan lacca za ta duba yadda ilmantar da masu jego a kan abinci yake shafar shayarwa a irin wannan yanki, da kuma yadda ita shayarwar take gina hanjin jariri ko ta bar shi a buɗe ga cuta.

Tun da fari ya kamata a san cewa Bahaushiya ba ta bukatar a roƙe ta ta ba ɗanta mama. Binciken lafiyar jama'a da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 97 cikin ɗari na yaran ƙasar sun sha nonon uwa. Amma binciken ya kuma nuna cewa kashi 42 ne kawai aka sa wa mama a baki cikin sa'ar farko bayan haihuwa, sa'an nan kashi 29 ne na jariran da ba su cika wata 6 ba suke shan nono zalla. Ashe ke nan matsalar tana wurare biyu: kwanakin farko na haihuwa, da kuma ruwan da ake ɗura wa jariri.

Abin da Aka Gada

Nonon farko, watau dakashi, yana fitowa da kauri, launinsa fatsi-fatsi, kuma ba shi da yawa. Wannan kama tasa ce ta sa tsofaffi a wurare da dama na ƙasar Hausa suke ɗaukarsa gurɓataccen nono, sai a tatse a zubar, a jira har farin nono ya kawo bayan kwana biyu ko uku. A wasu gidajen har gwada nonon akan yi, a tatsa a jefa tururuwa a ciki, in ta kasa fita a ce nonon yana da cuta. Kafin nan kuwa jariri ba ya zama da yunwa: akan ba shi ruwan ɗumi, ko madarar akuya ko ta shanu, ko rubutu, ko jiƙon saiwoyi da ake kira ɗauri, wanda a wasu sassa ake ce wa bauri.

Ba ƙeta ce ta kawo waɗannan abubuwa ba. Kakar da ta ɗura wa jikanta ruwa a watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato yake haura digiri 40, tausayi ne ya sa ta, domin a ganinta hana mai rai ruwa zalunci ne. Haka kuma yarinyar da ta tafi goyon ciki gidan iyayenta ta haifi ɗan fari, kunya ba ta barinta ta yi rawar jiki a kan jaririn, balle ta yi musu da uwarta ko ungozoma. Wanda bai fahimci wannan ba, ba zai gane dalilin da ya sa lacca ɗaya a ɗakin awon ciki ba ta canza abin da ake yi a ɗakin jego ba.

Yadda Nono Yake Gina Hanji

Ana haihuwar jariri da hanjin da kusan babu ƙwayoyin halitta a cikinsa. Daga ranar haihuwa ne ƙananan halittun da ido ba ya gani suke fara kama wuri a ciki, daga jikin uwa, da bakin mama, da hannuwan masu ɗaukarsa. Hanjin kamar sabuwar gona yake a farkon damina: abin da ya riga tsirowa shi ke mamaye ta, ko dai shuka ko ciyawa.

A 1899 wani likita Bafaranshe mai suna Henri Tissier, na Cibiyar Pasteur da ke Faris, ya gano wata irin ƙwayar halitta da ta cika kashin jariran da suke shan mama, wadda a yau ake kira bifidobakteriya. Daga baya masana suka gano cewa nonon uwa yana ɗauke da wasu nau'o'in sukari fiye da ɗari waɗanda shi jaririn ba ya iya narkar da su. Waɗannan abinci ne na bifidobakteriya. Idan ta ci ta yawaita, sai ta fitar da tsami a cikin hanji, tsamin nan kuwa ba ya barin ƙwayoyin gudawa su sake. Watau uwa tana ciyar da ɗanta, tana kuma ciyar da masu gadin cikinsa a lokaci guda.

Bayan wannan, dakashi cike yake da sinadarin kariya wanda yake shafe bangon hanji kamar yadda ake yaɓe ɗaki, ya hana ƙwayoyin cuta mannewa. Abin lura a nan shi ne jikin uwa yana haɗa wannan kariya ne daidai da cututtukan da ita kanta ta gamu da su a gidanta da rijiyar unguwarsu. Saboda haka nonon matar Illela magani ne da aka haɗa domin cututtukan Illela, abin da babu wata madarar gwangwani da za ta iya yi. Akwai kuma wani sinadari, laktoferin, mai riƙe ƙarfen da ke cikin nono ya hana ƙwayoyin cuta cin moriyarsa. Ƙarancin dakashi ma ba aibi ba ne, don cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko biyu a shan farko ba. Dakashi kuma shi ke taimaka masa ya fitar da baƙin kashin farko, aikin da ake nema wurin ɗauri.

Maganar Ruwa

Kusan kashi 87 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne. An auna fitsarin jarirai masu shan nono zalla a wurare masu zafi, kamar Indiya da Jamaika, aka tarar jikinsu ba ya ƙarancin ruwa. Idan zafi ya tsananta, abin da ake bukata shi ne uwa ta ƙara shan ruwa, ta kuma yawaita ba da mama.

Ruwan da aka ɗura wa jariri yana yin ɓarna ta hanya biyu. Ta farko, ko daga randa ya fito ko daga jarkar mai garuwa, yana iya shigar da ƙwayoyin cuta cikin hanjin da bai gama ƙwari ba, haka ma moɗa ko hannun da aka ɗura da shi. Ta biyu, yana cika ɗan cikin, sai jariri ya rage tsotso. Nono kuwa tsotso ke kawo shi. In tsotso ya ragu, shi ma sai ya ragu. Daga nan sai a ce uwa ba ta da nono, a soma koko tun yaro yana wata biyu ko uku. Gudawa in ta yawaita takan cinye 'yan tsirgogin da ke bangon hanji masu tsotse abinci, yaro ya ci amma jiki bai samu ba, tamowa ta shigo, ita kuma ta sake buɗe ƙofa ga wata gudawar. Binciken 2018 ya nuna kashi 57 cikin ɗari na yaran Arewa maso Yamma 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. Dalilan wannan suna da yawa, amma wannan zagaye na gudawa da tamowa yana cikinsu.

Shin Ilmantarwa Tana Aiki?

A 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙaddamar da shirin asibitoci masu goyon bayan shayarwa, a 2001 kuma Hukumar ta tsayar da shawara a kan nono zalla har wata 6, sa'an nan a ci gaba da mama tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Nijeriya ta kafa dokar taƙaita tallar madarar jarirai a 1990, ta kuma ƙaddamar da gangamin hana ba jarirai ruwa a 2019. Adadin masu shan nono zalla a ƙasar ya tashi daga kashi 13 a 2008 zuwa 17 a 2013, zuwa 29 a 2018.

Gwaje-gwajen da aka yi a wasu ƙasashe sun nuna irin ilmantarwar da ta fi tasiri. A birnin Dakka na Bangaladash an horar da mata 'yan unguwa su riƙa bin masu ciki da masu jego har gida. Sakamakon da aka buga a 2000 ya nuna kashi 70 na matan da aka ziyarta suna ba da nono zalla a wata na 5, alhali kashi 6 ne kawai a cikin waɗanda ba a ziyarta ba. A Burkina Faso, wadda yanayinta ya yi kusa da na Illela, irin wannan gwaji da aka buga a 2011 ya ba da kashi 79 a kan 35 lokacin da jarirai suke mako 12. A Gana kuwa, binciken da aka buga a 2006 ya ƙiyasta cewa za a iya kauce wa kashi 22 na mutuwar jarirai a watan farko in da duk an sa musu mama cikin sa'ar farko.

Game da hanji, babban gwajin da aka yi a Belarus, wanda aka buga a 2001, ya nuna ciwon gudawa ya ragu da kimanin kashi 40 a inda aka horar da ma'aikatan asibiti a kan shayarwa. Amma gaskiya ita ce gwajin Burkina Faso bai nuna wani bambanci na a zo a gani a yawan gudawa ba, duk da shayarwa ta ƙaru. Darasin da ke nan shi ne ilmantarwa takan canza abin da uwa take yi, amma lafiyar hanji tana kuma rataye da ruwa mai tsabta, da masai, da wanke hannu, da allurar riga-kafi. Riga-kafin ƙwayar rota, mai yawan kawo gudawa ga jarirai, ya shiga jadawalin Nijar a 2014, na Nijeriya kuma a 2022.

A nan kusa, malaman kiwon lafiyar al'umma na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun yi bincike a Kware, suka buga a 2011. Sun tarar kimanin uwa ɗaya cikin uku ce take da cikakken sani a kan nono zalla, kuma kimanin ɗaya cikin uku ce take aiki da shi. Kware tana kan hanyar Illela, al'adarsu ɗaya.

Wa Ya Kamata a Ilmantar?

A Arewa maso Yamma, bisa ga binciken 2018, haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai ɗaya cikin biyar ba. Ma'anar wannan ita ce sa'ar farko ta rayuwar yawancin jarirai tana hannun ungozoma da kaka, nas kuwa ba ta nan. Mai jego tana iya haddace duk abin da aka faɗa mata a wurin awo, amma in uwar mijinta ta miƙo ruwa, ba ta da bakin cewa a'a. Don haka ilmin da aka ba uwa ita kaɗai yakan tsaya a zaure.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a fara da tsofaffin, a kuma girmama su. Ungozomar da aka nuna wa cewa dakashi yana yin aikin ɗauri ta fi saurin karɓa a kan wadda aka ce wa al'adarta jahilci ce. Malamai ma suna da babban matsayi, tun da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku, kuma maganar limami tana shiga inda ta ma'aikacin lafiya ba ta shiga. Maza kuwa su ke cefane. A Jihar Damagaram ta Nijar an soma makarantun mazaje a ƙarshen shekarun 2000 da taimakon Asusun Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda magidanta suke zama su tattauna lafiyar matansu, kuma wannan dabara ce da garin kan iyaka zai iya arowa daga maƙwabcinsa.

Ita kanta mai jego tana bukatar a koya mata abin da hannu zai yi: yadda za ta rungumi jariri bakinsa ya kama mama sosai don kada kan maman ya tsage, da barinsa ya shanye ɗaya kafin a juya shi, da sanin cewa yawan fitsari alama ce ta ƙoshi. Abincinta ba sai an sayo daga nesa ba: gero, da wake, da gyaɗa, da zogale, da kuka, da kindirmo, da ɗan nama in an samu. Kunun kanwa kuwa a sassauta masa, domin tun a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka danganta yawan kanwa da tsananin zafin jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Kammalawa

A 2016 mujallar likitanci ta Lancet ta ƙiyasta cewa inganta shayarwa a duniya zai iya ceton yara kimanin 823,000 a kowace shekara, ya kuma kawar da kusan rabin gudawar yara. Rabon Illela a cikin wannan adadi ba ya bukatar kuɗi mai yawa ko na'ura daga waje. Abin da yake bukata shi ne dakashi ya shiga cikin jariri a sa'ar farko, ruwa kuma ya jira wata 6. Yarinyar da ta yi awo a Illela ta je goyon ciki Ƙonni, ko wadda ta yi awo a Ƙonni ta haihu a Illela, ya kamata ta ji magana ɗaya a ɓangarorin biyu, cikin Hausar da kakarta take ji, kuma daga bakin da kakar take jin nauyinsa.