Daga Kotobabi zuwa Hamburg: Yadda ɗan kasuwa zai je ya dawo jarinsa bai yi kuka ba

A Kotobabi, Nima da Mamobi, duk wanda ya dawo daga Turai da sabuwar riga da ƙamshin turare sai ka ji yara suna kiransa Borga. Da yawa ba su san cewa daga sunan Hamburg aka samo kalmar ba, wato babbar tashar jiragen ruwa ta ƙasar Jamus, inda 'yan Ghana suka yi sansani tun shekarun 1970 da 1980. Daga wannan birni ne kayan gyaran mota da tsofaffin injuna da dama ke tasowa, su sauka a Tema, su bi ta Abossey Okai, kafin su isa hannunku a Aflao, Paga ko Bawku.

Da yake masu iya magana sun ce zuwa da kai ya fi aike, sai muka bi wani Alhaji maƙwabcinmu mai sayar da kayan gyaran mota, kowannenmu da jakar goyo ɗaya, muka yi kwana goma a can. Alhaji ya kafa mana doka tun daga gida: duk yuro ɗin da ya shiga ciki ko ya tafi a kuɗin kwana, daga jari aka yanke shi.

Kashe kuɗin tun daga Akra yake farawa. Kuɗin bizar Schengen ya koma yuro 90 a watan Yunin 2024, ba a kuma mayar wa wanda aka hana. Dole a haɗa da inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin yuro 30,000. Wanda ya riƙo tsabar kuɗi yuro 10,000 ko fiye, wajibi ne ya bayyana wa jami'an kwastan da zarar ya sauka, in ba haka ba a riƙe kuɗin a kuma ci shi tara.

Da muka sauka ba mu ko kalli tasi ba. Jirgin ƙasa mai lamba S1 ya ɗauko mu daga filin jirgin sama zuwa babbar tashar birnin cikin kimanin minti 25. A nan sai mai karatu ya yi hattara. Babu ƙofa, babu mai tsare ka a bakin tasha, har mutum ya ɗauka banza ta faɗi. Amma masu duba tikiti suna shigowa ba zato ba tsammani, tarar kuwa yuro 60 ce, babu roƙo babu magiya.

Masaukinmu irin na matasa matafiya ne, ɗaki ɗaya gado shida, wani bisa wani, kowa da akwatin ƙarfe da zai kulle kayansa. Alhaji da ke da mata biyu da jikoki, ga shi yana hawa gadon sama kamar ɗan makarantar kwana, amma abin da otal zai ci a dare biyu shi ya kusa riƙe mu mako guda. Mun zaɓi unguwar St. Georg da ke bayan tashar ne saboda titin Steindamm, inda shagunan Turkawa da Larabawa da 'yan Afghanistan ke sayar da naman halal da burodi, ga kuma masallatai kusa da kusa. A manyan kantuna masu araha irin su Aldi da Lidl, kalma ɗaya muka haddace: Schwein. In ka gan ta a jikin kaya, alade ne, ajiye. Ruwan famfo ana shansa, kuma robar lemo ba a yar da ita, domin in ka mayar kanti za a ba ka santi 25. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, don haka cefane tun Asabar.

Kallon gari kuwa kusan kyauta muka yi shi. Da tikitin mota na yini muka hau jirgin ruwa mai lamba 62 daga Landungsbrücken zuwa Finkenwerder, muka ga manyan jiragen dakon kaya da kwantenoni jibge kamar duwatsu, abin da masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗi mai yawa su gani. Muka taka da ƙafa ta tsohuwar hanyar ƙarƙashin kogin Elbe da aka buɗe a 1911, ba a karɓi ko sisi ba. Muka zaga Speicherstadt, tsofaffin rumbunan jan bulo da aka fara ginawa a 1883, inda aka riƙa adana gahawa da koko da dardumai. Ranar Lahadi kuma muka yi sammakon kasuwar kifi da ke ci tun 1703. Ƙarfe tara da rabi take tashi, kuma dab da tashi masu 'ya'yan itace kan karya farashi, kwando guda ya ishe mu kwana uku.

To amma, 'yan uwa, ba abinci ko wurin kwana ne ke karya ɗan kasuwa a Hamburg ba. Titin Billstrasse ne, a unguwar Rothenburgsort, inda ake tara tsofaffin kaya masu zuwa Afirka ta Yamma. Can za ka ji Twi da Hausa da Turancin buroka kamar kana kasuwar Nima, ka ga firji a farashin da zai sa ka manta lissafi. Sai dai tun 2013 Ghana ta hana shigo da tsofaffin firji da na'urorin sanyaya ɗaki, wanda ya ɗauko su kwace su ake yi a tasha. Motar da ta haura shekara 10 kuma akwai tarar tsufa a kanta baya ga kuɗin fito. Araha ba ta ado. Alhaji bai sayi komai ba sai da ya buga wa mai fitar masa da kaya a Tema waya, suka yi lissafin abin da kayan zai tsaya masa har shago. Haka nan bai bar kayansa a wani sito ba tare da rasit ba, domin a watan Afrilun 2023 gobara ta cinye manyan rumbuna a wannan titi.

Haɗari na biyu shi ne zuciya. A kwana na takwas wani ɗan unguwarmu da ya daɗe a can ya fara yi mana huɗubar mu tsaya, wai aiki ba ya wuya. Bizar ziyara ba ta ba ka izinin aiki, kuma iyakarta kwana 90 cikin kwana 180, ko ma abin da aka rubuta maka in bai kai haka ba. Daga watan Oktoban 2025 ƙasashen Schengen suka fara ɗaukar hoton yatsu da na fuska a na'ura, tare da ranar shiga da ta fita. Wanda ya zarce wa'adi ya rufe wa kansa ƙofa, ya kuma ƙara wa na bayansa wahalar samun biza.

Ranar da muka cika kwana goma muka ɗaure jakunkunanmu. Alhaji ya dawo da takardar kayansa a aljihu, da ragowar guzurin da ya isa ya saya wa jikoki alewa. Yaran Kotobabi dai sun kira shi Borga, ya yi dariya, washegari da sassafe ya buɗe shagonsa. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.