Makon farko na ɗan Kurfai a jami'a

Ɗalibin da ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare a Filinge ko Damana, galibi Yamai yake nufa, tafiyar kimanin kilomita 180 daga Filinge. A Jami'ar Abdou Moumouni, makon tarbar sababbi rabinsa bin layi ne: rajista a tsangaya, neman ɗaki da tikitin abinci a ofishin kula da ɗalibai na CROU, sai takardun alawus a hukumar ANAB.

Tarba ta gaske, a ganina, tana hannun yayyen da suka riga shi zuwa daga Kurfai da Tondikandiya. Su ke nuna masa aji da ofis, wani lokaci har su raba katifa da shi kafin ya samu ɗaki.

Mai shirin tafiya, ka tanadi hotuna da kwafin takardunka tun daga gida.