Yadda Na'urori Ke Samun Adireshi

Idan ka shiga Babbar Kasuwar Gombe, za ka tarar da shagunan buga takardu da na gyaran waya, inda kwamfutoci da wayoyi da dama ke samun intanet daga ƙaramar na'ura guda da ake kira rauta. To, yaya ake yi saƙon wannan ba ya faɗawa hannun wancan?

Kowace na'ura tana da lambarta, wato adireshinta, kamar yadda ake gane rumfa da lambarta. Rauta ce ke rabon lambobin, bisa tsarin DHCP da aka fito da shi a 1993. Matakan huɗu ne. Da farko sabuwar na'ura takan yi shelar neman adireshi. Sai rauta ta yi mata tayin lambar da ba ta da mai ita, misali 192.168.1.5. Daga nan na'urar ta amsa cewa ta karɓa. A ƙarshe rauta ta tabbatar, ta shigar da ita rajista.

Ka lura, aron adireshin ake bayarwa na wani wa'adi. Idan wa'adin ya cika ba a sabunta ba, ana iya ba wa wata na'urar, domin lambobin ƙidayayyu ne: a ƙaramin shago ba su cika wuce 254 ba.

Saboda haka, kada ka sa wa kwamfuta lamba da hannunka ba tare da bincike ba. Idan ta yi karo da ta wata, sadarwa takan katse, aiki ya tsaya, mai shago ya yi asarar ciniki.