Mutum Nawa Ya Kamata Su Zauna a Hasumiyar Tankar Yaƙi?

Jama'a, abin da na ke nufi da hasumiya shi ne ɗan ɗakin ƙarfen nan da ke bisa tankar yaƙi, wanda ke juyawa da igwa. Ayyuka uku ne a cikinta: ɗura harsashi, da saita igwa a harba, da shugabanci, watau duban fili da ba da umurni. Direba yana can ƙasa, ba ya cikin wannan lissafi.

A 1940 tankar Faransa mai suna Somua S35 ta fi yawancin na Jamus kaurin ƙarfe, igwarta kuma ba ta da laifi. Amma mutum ɗaya aka yi wa wuri a hasumiyarta. Shi ne kwamanda, shi ke ɗuri, shi ke harbi. Duk lokacin da ya sunkuya wajen harsashi, tankar ta makance ke nan. Hausawa dai sun ce ba a tauna taura biyu, balle uku. Jamusawa kuwa mutum uku suka sa a Panzer III, kwamanda ba shi da aikin da ya wuce dubawa da tunani. Rashawa sun fara T-34 da mutum biyu, sai da suka sha wuya, sa'an nan a 1944 suka faɗaɗa hasumiyar ta ɗauki uku.

Gwanintar ma ba iri ɗaya ba ce. Mai ɗuri ƙarfi da sauri ya ke bukata, don harsashin babbar igwa ta zamani ya kan kai kilo 20, ga ƙunci, ga girgiza. Mai harbi, natsuwa da kaifin ido. Kwamanda kuwa sai ya iya aikin kowannensu, ya ƙara da karatun taswira da sarrafa rediyo, shi ya sa horar da shi ya fi daɗewa.

A shekarun 1960 Tarayyar Sobiyet ta sa na'ura a madadin mai ɗuri cikin T-64, daga baya T-72, hasumiya ta koma mutum biyu, tankar ta rage tsayi da nauyi. Sai dai harsasan suna jere ƙarƙashin mutanen. In wuta ta kai gare su, hasumiyar kan yi sama gaba ɗaya, kamar yadda aka gani a Iraƙi a 1991 da Yukren tun 2022. Amurka ta riƙe mai ɗurinta a Abrams. A ganina tana da hujjar da ba a cika ambata ba: na'ura ba ta gadin dare, ba ta kuma kama guduma in sarƙar tanka ta tsinke.