Wasu Muhimman Kalmomi a Dokar Muhalli

Kogin Challawa da Kogin Kano suna haɗuwa a kudancin birnin Kano, sannan su gangara ta Wudil su nufi Haɗejiya. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa sun daɗe suna sakin dagwalon ruwa mai sinadarin kuromiyam, yana malala cikin kogin. Saboda haka manomi ko masunci na ƙasar Wudil, ko a Ɗankaza yake ko a wani ƙauye, yana da ruwa da tsaki a dokar muhalli. Sai dai haƙƙi ba ya ƙwatuwa a kotu sai an san kalmomin da shari'a take aiki da su.

Ta farko ita ce gurɓatawa, watau zuba wani abu a ruwa ko iska ko ƙasa fiye da ƙimar da hukuma ta yarda. Nijeriya ba ta tsananta a kan wannan ba sai a 1988, bayan an jibge guba daga Italiya a garin Koko. A shekarar ce aka kafa Doka ta 42 a kan shara mai guba, da hukumar FEPA. Tun 2007 hukumar NESREA ce take tsare waɗannan ƙa'idoji.

Ta biyu, alhaki ko da babu sakaci. Asalinsa shari'ar Rylands da Fletcher ce ta 1868 a Ingila, inda ruwan wata madatsa ya ɓalle ya cika ramin haƙar kwal na maƙwabci. Hukuncin shi ne, wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa, in ya kuɓuce ya yi ɓarna, shi zai biya diyya, ko da ya yi iyakar hattara. Wannan ya yi kusa da ƙa'idar “mai gurɓatawa shi ke biya”, wadda taron Riyo na 1992 ya amince da ita.

Ta uku, nazarin tasiri. Doka ta 86 ta 1992 ta wajabta a auna illar babban aiki, kamar madatsar ruwa ko masana'anta, tun kafin a aza harsashi.

Ta huɗu, hurumi. A gargajiyance, hurumi fili ne na jama'a wanda ba a yarda wani ya mallake shi ba. A bakin lauyoyi kuwa, iko ne na kai ƙara ko na sauraronta. A da, mai ƙara a kan cutar da ta game jama'a sai ya nuna cewa asararsa ta fi ta saura. A 2018 Kotun Ƙoli ta sassauta wannan, ta yarda ƙungiya mai zaman kanta ta shigar da ƙara a kan malalar mai.

Abin lura a nan shi ne, ma'anonin hurumi guda biyu sun kusanci juna: kogi na kowa ne, don haka jama'ar da take sha daga gare shi ta sami ƙofar kare shi a gaban alƙali.