Abin da Harshe Ke Iya Gwadawa: Darasi Daga Manoman Inabi na Faransa

'Yan'uwa manoma, a wata taruwar ƙungiya an yi mini tambaya: in mun bar feshi da takin zamani, ta yaya mai saye zai san amfaninmu ya bambanta? Zan amsa da labarin ƙananan masu gonar inabi na Faransa. Ba kiran kowa nake yi zuwa shan barasa ba, kowa ya san matsayin ikkilisiyarsa. Sana'arsu ce za mu duba, gama akwai abin koyo a ciki.

Jan ruwan inabi daga baƙaƙen 'ya'ya ake yin sa. Ruwan cikin yawancin 'ya'yan ba shi da launi. Ɓawon ne ke ba da ja. Sai a murƙushe su, a bar ruwa da ɓawo tare a babbar ganga. Yisti ya ci zaƙin, ya mai da shi barasa. Daga baya a matse, a ajiye wata da watanni kafin a ɗura a kwalba.

In ɗan kasuwa ya zo wurin ƙaramin manomi, gwaji uku yake yi. Da farko ya ɗaga kofi ya dubi launi, ko garau yake ko da gurɓi. Na biyu ya juya kofin ya sansana. In ya ji warin tsami mai kaifi, ya san iska ta shiga ta ɓata shi. Na uku ya kurɓa kaɗan, ya juya a baki, sa'an nan ya tofar. Yana neman tsami daidai gwargwado, da bauri irin na goro, wanda ke fitowa daga ɓawo da ƙwaya.

Harshe yana gane tsabtar ganga da nunar 'ya'ya. Amma ko gwanin gwanaye ba zai iya rantsuwa, daga kurɓa kaɗai, cewa ba a yi feshi a gonar ba. Wannan sai da shaida.

Ga yadda shaidar take a ƙasashen Tarayyar Turai. Mai gonar inabi zai yi shekara 3 ba takin zamani, ba maganin kashe ciyawa, kafin a karɓi amfaninsa. Taki na dabbobi da ruɓaɓɓen ganye yake zubawa. Don fumfunar ganye an yarda masa da farar wuta, da haɗin jan ƙarfe da farar ƙasa wanda wani malami, Millardet, ya bayyana a 1885 a yankin Bordeaux. Jan ƙarfen ma da iyaka, domin yana taruwa a ƙasa: tun 2019, kilo 28 a hekta ɗaya cikin shekara 7. Dokar 2012 kuma ta rage maganin hana lalacewa da ake sawa a jan ruwan inabi marar zaƙi, daga miligiram 150 a lita zuwa 100. Mai dubawa yakan zo, ya karanta littafin gona, ya duba rasit, kafin a yarda a sa tambari a kwalba.

Wannan tsari wahala ce ta haife shi. A 1901 ƙananan manoma na ƙauyen Maraussan, a kudancin Faransa, suka kafa ƙungiyar gama kai don sayar da ruwan inabinsu tare, a 1905 suka gina ɗakin ajiya na kowa da kowa. A 1907 farashi ya faɗi ƙwarai, manoman yankin suka fito dubbai suna kuka da masu algus, masu ƙara ruwa da sukari. A wannan shekara gwamnati ta yi doka kan algus, ta kuma wajabta wa kowane manomi ya bayyana yawan girbinsa.

To, mu fa? Mai sayen riɗinmu, ko zumarmu, ko waken soya, shi ma ba zai gane feshi da baki ba. Saboda haka kowace ƙungiya ta sayi littafi. Magatakarda ya rubuta sunan gona, ranar shuka, da duk abin da aka zuba. A zaɓi mutum biyu masu amana su riƙa zaga gonakin membobi. Buhun wanda ya yi feshi a ware shi dabam, a kuma faɗa wa mai saye gaskiya. Buhu ɗaya na algus ya isa ya zubar da sunan ƙungiya duka.

A taruwa mai zuwa, ku zo da littafin. Zan nuna yadda ake ja masa layi. Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanku.