NAA: Sinadarin da ke sa yankakken reshe ya fitar da saiwa

Manomin rogo ba ya shuka ƙwaya. Yana yanka itacen rogon ne gunduwa-gunduwa ya soke a kunya, bayan 'yan kwanaki saiwa ta fito. Haka ake yi wa rake da dankalin Hausa, haka kuma ake kafa reshen cediya ya zama bishiya. Amma a gwada hakan da kaɗanya ko mangwaro, yawanci reshen bushewa zai yi.

Babban abin da ke kawo wannan bambanci shi ne wani sinadari da tsirrai ke samarwa a jikinsu, wanda masana ke kira oksin. Shi ke ba ƙwayoyin halittar da ke bakin yanka umarnin su zama saiwa. Kusan shekara 90 ke nan da ɗan Adam ya iya haɗa irinsa a ɗakin gwaji, kuma ɗaya daga cikin fitattunsu shi ne NAA.

Yadda aka gano shi

A 1880, Charles Darwin da ɗansa Francis sun lura cewa idan aka rufe kan tsiron ciyawa, ba ya karkata zuwa wajen haske. Suka fahimci akwai wani saƙo da ke sauka daga kan tsiron zuwa ƙasa. A 1926 wani ɗalibi a Utrecht ta ƙasar Holan, Frits Went, ya tatso sinadarin da ke ɗauke da saƙon. Daga baya aka gano cewa oksin na asali shi ne IAA, wanda a 1934 aka tace shi daga fitsarin mutum.

Sai dai IAA ba ya jure haske da zafi, kuma tsiro kan narkar da shi da sauri. A 1935, Percy Zimmerman da Frank Wilcoxon na Cibiyar Boyce Thompson da ke jihar New York a Amurka suka bayyana wasu sinadarai da aka haɗa waɗanda ke sa reshe ya yi saiwa, ciki har da NAA da IBA. Daga baya an gano cewa wasu tsirrai na samar da IBA da kansu, amma NAA haɗin ɗan Adam ne zalla. Su biyun ne har yau ke cikin hodar da masu rainon dashe ke tsoma gindin reshe a ciki kafin su kafa shi.

Tsiro a cikin kwalba

A 1957, Folke Skoog da Carlos Miller na Jami'ar Wisconsin sun yi gwaji da ɓargon karan taba. Suka ga idan oksin ya rinjayi wani sinadarin da ake kira saitokinin, saiwa ce ke fitowa. Idan saitokinin ya rinjaya, sai toho ya fito. Idan kuwa suka yi kunnen doki, sai a samu dunƙulen ƙwayoyin halitta da bai zama komai ba tukuna.

Wannan ne tushen rainon tsiro a kwalba. Ana yanko ɗan mitsitsin kan toho, wanda sau da yawa cutar bairos ba ta kai gare shi ba, a ɗora shi a kan abincin tsiro mai kama da kamu. Idan ya yi rassa, sai a mayar da shi kan abincin da aka sa wa NAA ko IBA domin ya yi saiwa. NAA ya dace da wannan aiki saboda yana jure tukunyar tururi da ake kashe ƙwayoyin cuta da ita.

Da irin wannan dabara cibiyoyi kamar IITA da ke Ibadan ke adanawa da ninka irin rogo da doya da ayaba marasa cuta.

Makamin masu bincike

NAA na iya kutsawa cikin ƙwayar halittar tsiro ba tare da taimakon furotin ɗin da ke shigar da oksin na asali ba. Masana sun ci moriyar hakan. Akwai wani ɗan tsiro mai suna Arabidopsis da ake yawan gwaji da shi. Idan furotin ɗinsa mai suna AUX1 ya lalace, saiwarsa kan ɓata hanya, ta kasa nutsawa ƙasa. Da aka ba shi NAA sai saiwar ta dawo tana bin ƙasa, abin da ya nuna cewa kai-komon oksin ne ke faɗa wa saiwa inda za ta dosa.

A 2009 kuma, masu bincike a Japan ƙarƙashin Masato Kanemaki suka ɗauko wannan tsari daga tsirrai suka dasa shi a ƙwayoyin yis da na dabbobi. Ana liƙa wa furotin ɗin da ake son nazari wata alama, da zarar an zuba oksin sai ƙwayar ta rusa shi, galibi cikin ƙasa da awa guda. Daga nan sai a ga abin da ya tsaya, a gane aikinsa. Sinadarin lambu ya shiga binciken ƙwayoyin halittar ɗan Adam ke nan.

Batun kaɗanya

Kaɗanyar da ta tsiro daga ƙwara kan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, kuma babu tabbacin za ta gaji uwarta wajen yawan kaɗe. Ga shi ana sare ta ana yin gawayi. Idan aka iya kafa reshen bishiyar da aka riga aka san kirkinta, an samu kwafinta sak.

A tashar Bole ta Cibiyar Binciken Koko ta Ghana, an yi ta gwajin kafa rassan kaɗanya da IBA, an kuma ga cewa sabon tohon da ya fito daga kututturen da aka sare ya fi reshen tsohuwar bishiya saurin yin saiwa. Hoda kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da danshi da inuwa da zaɓen reshen da ya dace.

Ƙima ita ce magana

A rainon kwalba, sau da yawa abin da ake zubawa bai wuce miligiram ɗaya ko biyu a lita guda ba. Idan aka zarce, gindin reshen kan kumbura ko ya ƙone, saiwar ma ta tsumbure. A gonakin tuffa, da NAA ake kakkaɓe wasu daga cikin ƙananan 'ya'ya domin sauran su yi girma, da shi kuma ake hana nunannu zubewa gab da girbi, ya danganta da lokacin feshi.

Maganin ciyawar nan 2,4-D da manoman shinkafa da masara suka sani, shi ma oksin ne na haɗi. Yana kashe ciyawa mai faɗin ganye ne ta hanyar tilasta mata girma ba kan gado har ta murɗe ta mutu. Don haka mai rainon dashe da ya sayi hodar saiwa ya bi ƙimar da aka rubuta a jikin gwangwanin, ya kakkaɓe rarar kafin ya kafa reshen, ya kuma ajiye ta nesa da yara da abinci.